ƊIGON MAI ƘARƘASHIN MOTA: ZOBEN ROBA DA YA KWANTAR DA MOTAR ƘUNGIYA

(Jawabin da ɗan'uwanmu makanike mai garaji a Maraɗi ya yi gaban babban taron ƙungiya na bayan kaka. Mun buga shi duka yadda ya faɗe shi, domin ƴan bida da ba su samu zuwa ba su ji da kunnensu.)



Iyayenmu dattawa, mai gari, shugaban ƙungiya, ma'aji, ƴan'uwa da kunka zo daga Yamai da Damagaram da Tawa, da ku da kunka komo daga Kwatano da Abijan da Ikko, ina gaishe ku gaba ɗaya, sannunku da hanya. Ni ba mai jawabi ba ne. Hannuna ya saba da kile, bakina bai saba da taro ba, in na yi tuntuɓen harshe ku yi mini haƙuri.

Shugaba ya ce in tashi in yi bayanin abin da ya samu motar ƙungiya, tunda ni na buɗe injin, ni na ga cikinshi. Kuɗin gyara daga aljihunku sunka hito, don haka haƙƙinku ne ku ji gaskiya. Bayan wanga kuma, da yawa cikinku suna da mota, ko suna tuƙa ta wani, ko suna tara kuɗin saye. Abin da ya ci mu shina iya cin kowa.

ABIN DA YA FARU

Kun san wagga mota ba kyauta anka ba mu ita ba. Shekara 3 ƴan bida suna tarawa, wani da kuɗin shayi, wani da kuɗin dako, wani da kuɗin gadi, kahin a sayo ta. Ita ke kai marasa lahiya asibitin Maraɗi, ita ke ɗaukar mata in haihuwa ta zo da gardama, ran kasuwa kuma ta yi jigila ta samo kuɗin manta.

Tun cikin ɗari direbanmu ya lura kullum da sahe akwai ɗan baƙin tabo a ƙasa inda ta kwana, bai wuce faɗin kuɗin dala biyar ba. Ya faɗa mini ranar da ya kawo ta bidanji, wato juyen mai. Na leƙa na ga gehen injin ya jiƙe. Aiki ya yi mini yawa rannan, sai na ce mishi: "Tahi abinka, gumi ne kawai, in ka komo ma duba." Wagga magana ni na yi ta da bakina. Don haka kada kowa shi ɗora ma yaron nan laihi shi kaɗai, rabi nawa ne.

Ya ci gaba da ƙara mai lokaci lokaci. Da bazara ta kama, tabo ya zama kamar tahin hannu. Sai ga wani mako da aiki ya yi yawa, kwana 4 a jere mota ba ta huta ba, ba wanda ya zare sandar awon mai ya duba. Daren na biyar anka ɗauko wata ƙanwarmu tana naƙuda. Saura kamar kilomita 30 su shiga Maraɗi, jar hitilar mai ta kama. Direba ya dubi hitila, ya ji kukan mace a baya, ya taka. Ba su yi nisa ba injin ya fara ƙwanƙwasa, ya buga, ya tsaya cik tsakar daji. Allah ya kawo wata babbar mota ta ɗauke su, uwa da ɗa suna nan lahiya. Amma ku tambayi kanku, da babbar motar nan ba ta biyo hanyar ba fa?

Mota ta yi wata 2 kwance a garaji. Da na bi sawun mai har tushe, ga abin da na samu. (Nan ya ɗaga wani ɗan baƙin zoben roba ya nuna ma jama'a.) Ku dube shi, girman zoben yatsa ne. Ya bushe, ya tsage. Kuɗinshi bai kai kuɗin kaza ba, gyaran injin kuwa ya ci kuɗin sa. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.

AIKIN BAƘIN MAI CIKIN INJI

Cikin inji ƙarhe ne ke gudu bisa ƙarhe. In mota tana tahiya a kwalta, babban ƙarhen da muke ce ma bilbireke shina juyawa wajen sau 3000 a minti guda, wato sau 50 kahin ka ƙifta ido ka ce ɗaya. Abin da ke hana ƙarhen cin junanshi shi ne ɗan siririn mai da ke tsakaninsu, wanda bai kai kaurin gashin kai ba. Akwai pompo cikin injin da ke ɗebo mai daga tukunyar ƙasa, wadda muke ce ma karte, shi tura shi ko'ina da ƙarhi. Ƙarhin nan, in mota tana gudu, shina kai na iskar da ke cikin taya, ko shi hi shi.

Ƙaramar mota tana ɗaukar mai wajen lita 4. Tsakanin alamu biyu na sandar awo, ta sama da ta ƙasa, a yawancin motoci lita guda ce ko kusa da haka. In mai ya yi ƙasa ƙwarai, pompo sai shi zuƙi iska. Daga nan ƙarhe ya haɗu da ƙarhe, zahi ya tashi, ƴan kwanonin da bilbireke ke kwance bisansu, waɗanda muke ce ma kusine, su narke. Abin da ya samu motarmu ke nan.

MI NE NE KAPTAR

Dattawa sun tuna Peugeot 404 da 504, irin waɗanda anka fara haɗawa a Kaduna cikin 1975, waɗanda sunka ɗauki gujiya da mutane shekara da shekaru a hanyoyin ƙasar nan. Waɗannan motoci ba su da wayoyi da yawa. Motocin da ke hannunmu yanzu kuwa suna da kwamfuta, ita ce ƙwaƙwalwar mota, ita ke raba esansi da wuta. Amma ƙwaƙwalwar nan ba ta da ido. Kamar mai gari take, shina zaune a fada, sai ƴan rahoto sun zo sun faɗa mishi abin da ke gudana a gonaki. Ƴan rahoton inji su ne muke ce ma kaptar, ƴan garajin Najeriya kuma suna ce musu sensa.

Domin ɗan rahoto shi ga abin da ke ciki, sai an huda bangon inji an cusa kanshi. Kowace huda ƙofa ce da mai ke iya hita. Abin da ke toshe ƙofar shi ne zoben roba, wanda a garaji muke ce ma juwan. Shina zaune cikin ɗan kwari, an matse shi tsakanin kaptar da bangon inji. Muddin shina da laushi, mai ba ya wucewa. Ran da ya bushe, ƙofa ta buɗe.

Wuraren da na hi ganin yoyo su ne waɗanga:

Na 1, kaptar na ƙarhin mai, wanda muke ce ma manokontak. Yawanci shina kusa da filtir. Shi ke kunna jar hitila. Shi ya hi haɗari, domin mai da cikakken ƙarhinshi ke dukanshi, in ya fashe shina iya zubar da mai duka cikin ƴan mintoci.

Na 2, kaptar na arbarakam, wato ƙarhen da ke buɗe ƙohohin iska a saman inji. Bulon guda ke riƙe da shi, da zoben roba guda. Nan motarmu ta yi yoyo.

Na 3, kaptar na bilbireke, shina can ƙasa, a injina da yawa shi ma da zobenshi.

Na 4, a injinan Toyota da anka rubuta VVT-i bisa marhinsu, akwai wani dogon abu mai waya a gaban saman inji. Shi ba ɗan rahoto ba ne, mai raba mai ne, amma kamarsu ɗaya, zobenshi ma shina bushewa.

Na 5, a motocin Jamus kamar Mercedes da Volkswagen da BMW, akwai kaptar ƙarƙashin karte mai auna yawan mai. Shi ba a taɓa shi sai an juye mai duka.

Masu tsohin motoci kuma kada su ce ba ruwansu. Gindin delko ma da zoben roba, shi ma haka shike yoyo.

MI KE KASHE ZOBE

Na farko zahi. Man inji in ya ɗauki zahi shina kai digiri 90 zuwa 110. Robar da anka hi yin zoben da ita, wadda ake rubuta ma NBR, iyakar jimirinta bai wuce nan da yawa ba. Mu kuwa cikin Afrilu da Mayu zahin gari kaɗai shina wuce digiri 40 a inuwa. Ku ƙara da rairayi, da ƙaramar giya, da lodi har sama. Zoben da zai daɗe a ƙasar sanyi nan ba ya kai rabin kwanakinshi lahiya.

Na biyu shekaru. Motocin da anka shigo muna da su ta tashar jirgin ruwa ta Kwatano ko ta Lome sun riga sun yi shekara goma ko hiye a hannun wani. Robarsu ta matsu ta baje kamar tsohon takalmi, ba ta komawa yadda take.

Na uku tsohon mai. Man da ya wuce lokacin bidanji shina tara dauɗa da tsami, shina cin roba.

Na huɗu, wanda mutane ba su sani ba, toshewar numfashin inji. Kowane inji shina da ƴar hanya da hayaƙin cikin karte ke bi shi hita, da ɗan bawul a bakinta. In dauɗa ta toshe ta, iska ta taru a ciki, sai ta nemi inda ya hi rauni ta turo mai waje. A motarmu na iske hanyar nan a toshe. Wanda ya sake zobe bai buɗe ta ba, zai ga yoyo ya koma wani wuri. Cika mai har shi wuce alamar sama ma haka shike yi.

ƘAƘA AKE GANO INDA MAI KE HITA

Nan ne ake asarar kuɗi. Mai shina gangarowa ƙasa, iska kuma tana kora shi baya, ƙurar hunturu ta zo ta manne bisa, injin duka shi zama baƙi. Wanda bai bincika ba sai shi ce juwan ɗin karte ne, ko na bayan bilbireke, a sauke giya a yi aikin kwana biyu, a maida, yoyo shina nan. Kada ku yarda a kwance babban abu sai an nuna muku tushen yoyo da ido.

Ga yadda nike yi. Da dare a shimhiɗa kwali mai tsabta ƙarƙashin mota, da sahe a duba. Baƙi ko ruwan ƙasa man inji ne. Ja yawanci man giya ne na mota mai canza giya da kanta. Kore ko ruwan hoda mai kamar ruwa, na sanyaya inji ne. In kuwa kusa da taya ne, fari fari mai santsi, man birki ne, wagga mota ba ta motsawa sai an gyara.

In an tabbata man inji ne, a bari inji shi huce, a wanke wurin da sabulu da buroshi, a kiyaye kada ruwa shi shiga wayoyi. Kada a wanke da esansi, wuta ba ta sallama. In ya bushe a barbaɗa hoda ko gari mai laushi kewaye da wuraren da ake zargi, a tada inji minti 10 zuwa 15, a haska da tocila. Mai zai zana hanyarshi cikin farin gari kamar sawun maciji a rairayi. A bi sawun har inda ya hi tsawo, nan ne tushe. Sau da yawa za ku iske kaptar ba shi da laihi, juwan ɗin marhin saman inji ne ke zubo mishi mai a ka.

Abu na ƙarshe, a cire soket na wayar kaptar a leƙa ciki. In a bushe shike, mai kuma ta gindi shike hitowa, zobe ne, aiki mai sauƙi. In kuwa akwai mai cikin soket, kaptar ɗin kanshi ya fashe daga ciki, sabon zobe ba ya maganinshi, sai a sake shi dungum. Wanga bai son jinkiri, domin mai shina bin cikin waya sannu sannu kamar yadda kananzir ke bin lagwani, har shi kai ga kwamfuta. An san wasu injinan Mercedes da wagga cuta.

YADDA AKE SAKE ZOBE

Ba na cewa kowa shi zama makanike. Amma in kun san yadda aikin ke tahiya, kuna tsaye kuna kallo, ba wanda zai yi muku aikin banza.

1. Mota a wuri mai daidai, inji a sanyi, a cire makulli, a kwance kan batir na ƙasa, mai alamar ragi. In sai an shiga ƙarƙashi, kada a dogara da jak kaɗai, a tokare da abu mai ƙarhi.

2. A share ƙasa da dauɗa kewaye da kaptar tun ba a kwance shi ba. Tsabar rairayi guda in ta faɗa cikin huda, cikin inji ta tahi.

3. A danna ɗan harshen soket a zare shi a hankali. Kada a ja waya. Tsohuwar roba da ta sha zahi tana karyewa kamar busasshen kara.

4. A kwance bulon, yawanci da kile mai lamba 10. A murɗa kaptar dama da hagu kaɗan kaɗan, a jawo shi miƙe. Kada a ɓanɓare shi da ƙarhe.

5. A cire tsohon zobe da tsinken icce, ba da wuƙa ba, domin in an ƙwarzane kwarin da shike zama, sabon ma zai yi yoyo. A leƙa cikin huda a tabbata ba guntun da ya rage.

6. A goge kwarin da bakin huda da tsumma mai tsabta.

7. Sabon zobe shi zama daidai da tsohon, faɗi da kauri. In ya yi siriri ba ya toshewa, in ya yi kauri zai yanke wajen shiga. Kuma shi zama na mai. Zoben pompon ruwa kamarsu ɗaya a ido, amma robarshi daban, in ta sha mai sai ta kumbura ta lalace. Wanda ya samu irin da ake ce ma Viton ya hi, domin shina jimirin zahi har wajen digiri 200. Launi ba shaida ba ne. A tahi kanti da tsohon zoben da lambar shasi ta mota.

8. A shafa ma sabon zobe ɗan sabon mai da yatsa, a sa shi kada shi murɗe. A tura kaptar da hannu har shi zauna daram. Kada a ce bulon zai jawo shi ciki, nan ake yanke zobe ko a karya kunnen kaptar.

9. A ɗaure bulon da ƙarhin wuyan hannu, ba na kafaɗa ba. Masu kile mai awo su tsaya wajen 8 zuwa 10 a ma'aunin Nm. Zobe ke toshe mai, ba ƙarhin ɗauri ba.

10. A maida soket da batir, a cika mai zuwa alama, a tada inji a duba. Gobe a sake dubawa, bayan mako guda a sake.

Manokontak shi nashi daban ne, murɗa shi ake. A yawancin motocin Japan haƙoranshi suna ƙara kauri zuwa sama, ana shafa musu ɗan maganin toshewa, a bar haƙoran farko ba a shafa ba don kada wani abu shi shiga hanyar mai. Wanda ya matse shi da ƙarhin tsiya shina iya tsaga jikin inji, gyaran kaza shi koma na raƙumi. A motocin Turai da yawa kuwa rondel ce ta jan ƙarhe ko alminiyam, sau guda take aiki, in an kwance a sa sabuwa. Amma na faɗa muku, yawancin yoyon manokontak daga jikinshi ne, inda roba ta haɗu da ƙarhe. Maganinshi sabo.

DABARUN DA KE KAI MUTUM ƘASA

Na ga wanda ya cika wurin da silikon har ya yi tudu. Abin da ya tsattsaho ciki shina gutsurewa, shi bi mai, shi toshe rariyar pompo. Na ga wanda ya naɗa zare, da wanda ya yanko robar cikin taya. Kwana kaɗan suke yi. Na ga masu sayen zoben da anka ciro daga mataccen inji, alhali shekarunshi ɗaya da wanda ya mutu. Araha ba ta ado. Wasu kuma suna zuba mai mai kauri wai don shi rage yoyo, mai kauri kuwa ba ya saurin kai saman inji da sahe.

Wanda ya hi duka muni shi ne mai cire wayar jar hitila, ko shi liƙe ta da takarda, wai tana damunshi. Wanga kamar mai gari ne da ya kori ɗan rahoto don ya kawo labarin gobara.

LISSAHIN ƊIGO

Wani zai ce, ɗigo ne fa kawai. To mu ƙirga. Lita guda tana da ɗigo wajen 20.000. In inji shina ɗiga sau guda kowace daƙiƙa, cikin awa guda ɗigo 3600 ke nan. Daga Maraɗi zuwa Yamai, ta Birnin Ƙwanni da Dogon Dutsi da Doso, wajen kilomita 660 ne, tahiyar kamar awa 10. Ɗigo 36.000, kusan lita 2. Rabin man motar ya ƙare a hanya guda. Da yayyahi kogi kan cika, da ɗigo kuma karte kan ƙahe.

Kada tabon sahe shi ruɗe ku. Abin da kuke gani a ƙasa ragowa ce. Babban yoyo shina faruwa lokacin da mota ke gudu, mai ya yi zahi ya tsinke, iska tana kwashe shi ba ku gani. Kuma tsohon inji dama shina shan nashi kaɗan. Bayan asarar mai, wanda ya zuba bisa bel shina ruɓar da shi, wanda ya zuba bisa salansa mai zahi shina iya kama wuta.

In kuna ganin raina zobe halin talaka ne, ku ji wanga. Ran 28 ga Janairu 1986, a Amurka, anka harba kumbon da ake kira Challenger da mutum 7 a ciki, har da wata malamar makaranta. Daƙiƙa 73 bayan tashinshi ya tarwatse, ba wanda ya tsira. Da anka yi bincike, sai anka iske zoben roba ne ya kasa toshe mahaɗar ɗaya daga cikin rokokin da ke tura shi, domin sanyin sahiyar ya sandarar da shi. Su sanyi ya ɓata nasu, mu zahi ke ɓata namu. Kuma tun daren akwai injiniyoyin da sunka yi gargaɗi, ba a bi maganarsu ba. Ni ma direba ya yi mini gargaɗi, na ce gumi ne.

IN JAR HITILA TA KAMA A HANYA

Wani dattijo ya tambaye ni jiya: da kai ne direban, da mace tana naƙuda a baya, ƙaƙa za ka yi? Tambaya ce mai nauyi, ga amsata. Jar hitilar mai ba ta cewa mai ya fara raguwa, cewa take ƙarhinshi ya riga ya faɗi. Injin da ba mai ba ya kai ka kilomita 30. Don haka tsayawa ita ce sauri. A kauce gehe, a kashe inji nan take, a jira ƴan mintoci, a zare sandar awo. In mai ya yi ƙasa a cika, a tada, a leƙa ƙarƙashi. In hitila ta mutu, mai kuma ba ya tsiyaya, a ci gaba a hankali ana tsayawa ana dubawa. In mai cike shike amma hitila ta ƙi mutuwa, ko ana jin ƙwanƙwasa, kada a sake tada shi, a nemi wata mota. Da akwai lita 2 na mai bayan kujera a daren nan, da minti 10 sun isa, da motarmu ta kai ƙanwarmu asibiti da ƙafarta.

ABIN DA NIKE ROƘON TARO

Na ɗaya, kullum da sahe kahin a tada motar ƙungiya, a zare sandar awo a duba, a dubi ƙasa inda ta kwana.

Na biyu, a aje littahi cikin mota. Duk man da anka ƙara a rubuta rana da yawanshi da kilomita. Ma'aji shi riƙa dubawa ƙarshen wata. In ƙari ya fara yawa, littahi zai faɗa tun inji bai faɗa ba.

Na uku, lita 2 na mai a ruhe, da tocila, da tsumma, kada su rabu da mota.

Na huɗu, a ware ɗan kuɗi daga na jigila don ƙananan gyare gyare, direba shi samu ikon kai mota garaji ba sai an jira taro ba.

Na biyar, tsohon man da anka juye a tara shi cikin jarka a ruhe. Kada a zubar da shi kusa da rijiya ko tabki, kada kuma a shafa shi bisa gyambon dabba ko ƙurjin yaro kamar yadda wasu ke yi. Dahi ne.

Ni kuma nawa alkawari gaban iyayena shi ne, duk wata 3 a kawo mini motar in duba ta, ba na karɓar ladan hannu, kaya kaɗai ƙungiya za ta saya. Kuma daga yau duk wanda ya ce mini motarshi tana ɗiga, ba ya barin garajina sai mun ga inda take ɗiga.

Ƴan'uwa ƴan bida, in kun koma ku faɗa ma waɗanda ke tuƙa taksi da masu ɗaukar kaya. Wanga zobe zan ba shugaba shi aje shi cikin akwatin ƙungiya tare da takardar kuɗin gyara, domin wanda ya zo bayanmu shi ga su biyun a wuri ɗaya.

In kunne ya ji, jiki ya tsira.  Allah shi kai kowa gidanshi lahiya.

(Taro ya amince da shawarwarin nan biyar. An ɗora ma ma'aji sayen littahi da mai kahin ranar kasuwa mai zuwa.)